Zuciyar Barewa a Ƙirjin Jaki

Har yau in na ji warin baƙin mai ya haɗu da hayaƙin kara, raina sai ya ɓaci kafin in san dalili. Sai daga baya in tuna gidanmu na Bungudu, da sanyin shekarar da Babanmu ya rataye injin mota a reshen darbejiyar tsakar gida ya hana kowa sakat.

Ina 'yar firamare a lokacin. Baba fataucin hatsi yake yi, yana da wata tsohuwar akori-kura da ta girme ni nesa ba kusa ba, da ita yake kwaso gero da dawa daga ƙauyuka ya kai kasuwar Gusau. Ba ta tashi sai an tura, don haka yaran unguwarmu sun fi sanin bayanta a kan gabanta. Ranar da injinta ya buga a hanyar Wonaka, da igiya aka jawo ta har gida. Kanikawa suka ce ko dai a gyara nata injin, ko a sayar da ita a huta. Baba bai ɗauki ko ɗaya ba. Ya tafi Gusau ya dawo da injin wata mota 'yar yayi da ta yi hatsari, jikinta ya tashi aiki amma injin ko ƙwarzane babu. Ya ce shi zai sa wa tsohuwar, kuma da hannunsa, kuma a gida, tunda ya yi shekara da shekaru yana tsaye a kan kanikawa yana kallonsu.

"Mi ad da wuya ga kanikanci?" in ji shi. "Kwancewa na da ɗaurewa."

Innarmu tsintsiyarta kawai ta ɗauka. Aka fasa katangar baya, aka turo motar har gindin darbejiya, aka toshe ɓarakar da zana.

To gindin darbejiyar nan wurin Kaka ne, mahaifiyar Baba. Tun kafin in yi wayo nan take hura wutarta. In an yi Magariba an ci tuwo, sai ta fito da buzunta, ta haɗa kara da 'yan itace, ta binne dankali a toka, mu kewaye ta, mu da 'ya'yan maƙwabta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Cewa take, "Ga wata nan tahe, ku kakkaɓe kunnuwanku," mu kuma mu ce, "Ta iso, mun shimhiɗa mata tabarma." Tana da wata ɗabi'a mai ban haushi: sai labari ya kai wurin daɗi, sannan za ta tuna ƙishirwa ta aiki mutum ɗebo ruwa. Da gudu muke zuwa randa mu dawo, rabin ruwan a ƙasa. Ban taɓa jin daɗin wani wuri a duniya kamar wannan da'irar ba, gabanka zafi, bayanka sanyi, muryar tsohuwa tana hawa tana sauka.

Da mota ta shigo, Baba ya aiko a faɗa mata ba a hura wuta kusa da fetur. Na ce ya aiko, alhali tsakaninsu bai fi tsawon tabarma biyu ba, kuma nan ne sai na yi bayani.

Baba ɗan fari ne a wurin Kaka, ita kuwa mutuniyar da ce, kunyar ɗan fari ta riƙe ta da gaske. Ba ta faɗin sunansa. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama inda ya zauna, ba ta yi masa magana kai tsaye. In wani mai suna irin nasa ya shigo gaisuwa, "mai sunan wancan" take ce masa. A gidanmu duk wanda ya ji Kaka ta ce "wancan" ya san da wa take. Da safe Baba zai durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe da asabari, ita kuma ta amsa daga ciki kamar da iska take magana. Saƙo kuwa sai ya bi ta bakin Inna ko ta bakin ɗayanmu, ko da su biyun suna jin numfashin juna. Mun taso mun tarar da abin haka, ba mu ga wani aibu a ciki ba.

Kaka ta kwashe buzunta ta koma ƙofar ɗakinta da wutar. Ba ta yi nisa ba dai. Ta tsaya daidai inda muryarta za ta kai ƙarƙashin motar.

Ana cikin haka wani ɗan kasuwa mai cin kasuwar Bilbis ya zo da saƙo: Iya Kulu, ƙanwar Kaka, tana kwance ba lafiya, kuma tana ta kiran yayarta. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Rabonsu da juna tun wani biki da suka yi sa-in-sa a kan abin da babu wanda ya iya tuna shi, suka rabu ba sallama. Kaka ba ta ɓoye mana abin da ke ranta ba. Ta ce so take ta je su yafi juna tun bakin kowa na motsi. A ranar ta ɗaure ƙunshinta, zannuwa da kuka da daddawa da 'yar kwalbar man shanu, ta ajiye bakin ƙofa, ta ce wa Inna a gaya wa wancan tana son tafiya Bilbis.

Amsar Baba ta dawo ta bakin Inna. Ya ce uwarsa ba za ta shiga motar haya a cusa ta tsakanin buhuna da awaki ba, yana da mota a cikin gida. Mutanen Bungudu su ce me? A ba ta haƙuri, jibi motar za ta tashi, shi da kansa zai kai ta har ƙofar ɗakin ƙanwarta.

Jibin nan! In akwai kalmar da na tsana a rayuwata, ita ce.

Da aka sassauto sarƙa aka sauke sabon injin cikin motar, sai ya ƙi zama. Ƙafafunsa daban, mazaunin tsohon daban. Aka kira Malam Tanko mai walda, ya yanka nan ya liƙa can, tartsatsi ya huda wa Inna zani biyu a kan igiyar shanya. Da injin ya zauna, sai bakinsa ya ƙi haɗuwa da bakin giyabos, aka sake ɗaga shi sama, Baba ya koma Gusau neman wani faifan ƙarfe da zai shiga tsakaninsu. Da suka haɗu, sai bonet ya ƙi rufuwa. Da aka haƙura da bonet, sai ga wayoyi sun fito ta ko'ina kamar an zubar da taliya, tsohuwar motar kuma ba ta san inda za ta karɓi ko ɗaya ba. Ashe sabon injin ba ya aiki sai da wani ɗan akwati da kanikawa ke kira ƙwaƙwalwarsa, wanda ya sayar wa Baba kuwa bai haɗa masa da shi ba. Baba ya sake komawa Gusau. Kwanonin Inna duk suka koma ma'ajin noti, turminta ya koma matokarin mota, sai maƙwabta take zuwa daka. Farar kazarmu ta zama baƙa. Ƙanena Sani ya taka man giya ya zame ya fasa leɓe. Kullum da rana Baba na kasuwa da motar aro, da Magariba ya dawo ya shimfiɗa buhu, ya kunna tocila ya shige ƙarƙashin motar, ba ka ganin komai nasa sai ƙafafu. Kullum kuma in Inna ta tambaya, jibi.

A cikin waɗannan kwanaki ne Kaka ta fara wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba. Ta gyara wuta, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Wani mutum na," ta ce, "shina da jaki tsoho, tahiyatai kamar ana roƙonai."

Uwar mutumin nan ta tatso madara ƙwarya guda, ta ce ya kai wa 'yar'uwarta a hayin daji tun ba ta yi tsami ba. Hanya ce da ko da ƙafa mutum zai je ya dawo ya sami Magariba a gida. Mutumin ya dubi jakinsa ya ce ai abin kunya ne a ga madarar uwarsa a bayan wannan raggon, sai ya ajiye ƙwaryar a inuwa ya shiga tunani. Can sai ga maharbi ya ratso da barewa a kafaɗa. Ya roƙe shi zuciyarta, maharbi ya ba shi. Ya kayar da jaki, ya buɗe ƙirjinsa, ya ciro tsohuwar zuciyar ya rataye a reshe, ya tura ta barewa. Ta ƙi shiga. Ya tafi wurin maƙeri a zo a lanƙwasa haƙarƙarin jaki. Kafin ya dawo, madara ta zama nono.

A nan Kaka ta tsaya ta fara tonon dankali. Muka ce, "Sai me, Kaka?" Ta ce sai gobe.

Gobe ta zo, zuciya ta shiga amma jijiyoyin barewa sun ƙi haɗuwa da na jaki, mutumin ya tafi aron jijiya wurin kurege. Wata goben, ƙirjin ya ƙi rufuwa, ya tafi neman baduku. Wata goben kuma aka gane zuciyar barewa ba ta bugawa sai da ƙwaƙwalwar barewa, maharbi kuwa ya riga ya sha romon kan. Duk abin da ya sami motar da rana, sai ya sami jakin bayan Magariba. Nonon nan kuwa yana inuwa yana ƙara tsami, ƙudaje sun same shi, ya fara ja da baya a cikin ƙwarya. Abin da ya fi ci mini rai a labarin shi ne ayari. Kullum sai fatake sun wuce ta gaban mutumin da jakunansu masu lafiya, su ce, "Bawan Allah, kawo ƙwaryar mu kai ma, hanyarmu ta." Shi kuma kansa na cikin ƙirjin jaki ya ɗaga musu hannu, ya ce su wuce, nasa na gab da tashi.

Mu yara tun muna dariya har muka gaji. Tatsuniya ai ƙarewa take, a ci dankali a tashi. Wannan kuwa kullum jaki na kwance. 'Ya'yan maƙwabta suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Wani dare Sani ya kasa daurewa.

"Kaka, wai yaushe jakin ga za shi tashi?"

"Ni na sani?" ta ce, tana kallon wuta. "Ku tambayi mai jakin."

"To ina shike?"

"Shina nan kusa. Kunnuwa na Allah bai ba shi ba."

Inna da ke wanke-wanke ta toshe baki da gefen zani. Ni a daren na gane, na juya na dubi ƙafafun Baba. Ba su ko motsa ba, ƙarar sifana kawai ke fitowa, ƙwal, ƙwal. Na ji kamar in je in kama ƙafafun nan in jawo shi waje. Ga kurma ma ya ji wannan magana, ga babban mutum mai fatauci gari-gari ya kasa ji.

Saƙo na biyu ya zo ranar wata kasuwa: Iya Kulu ta daina cin tuwo, sai kunu, shi ma da cokali. A ranar na ji Inna ta ɗaga wa Baba murya a ɗaki, abin da ban taɓa ji ba. Ya ce waya ɗaya ta rage, ɗaya tak. Inna ta fito ido jajur, ta durƙusa gaban Kaka ta ce mata ta shirya da asuba, ita za ta raka ta tasha, in ya so in Baba ya dawo a faɗa masa. Na ɗauka shi ke nan, magana ta ƙare. Kaka ta girgiza kai. Ta ce ba za ta fita gidan wancan a ɓoye ba kamar wadda aka kora, a je ana nuna shi a kasuwa ana cewa ga wanda uwarsa ta gudu ta bar masa mota. Ya ce zai kai ta, to ta ji. Ta sake kwance ƙunshinta ta shanya zannuwan don sun fara warin daddawa, ta sake ɗaurewa.

Kun ji irin mutanen da na taso a hannunsu. Shi ba zai bari ta shiga motar haya ba don kada a ce ya wulaƙanta ta. Ita ba za ta shiga ba don kada a ce ta wulaƙanta shi. Kowa na ta kare mutuncin kowa, tsohuwa kuma na can Bilbis tana ƙarewa.

Rannan muna tsakiyar labari, mai jaki ya tafi neman wanzami, sai motar ta yi tari. Ta sake yi. Sai ta kwashe da wata irin ƙara da ta sa kaji suka watse daga akurki, darbejiya ta zubo da ganye. Ba irin kukan tsohon injin ba ne mai kama da mai asma, wannan gurnani ne mai santsi, kana jin sa har a ƙirji. Baba ya fito baƙi wuluk, haƙora kawai ke haske, yana ta "Allahu Akbar!" Maƙwabta suka leƙo ta kan zana, Malam Tanko ya shigo ba ko sallama. Gaskiya ni ma na yi tsalle. Kaka ta bar labarin inda yake, ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana jawo ƙunshinta.

Washegari da hantsi muka kama hanya. An ɗaure bonet da igiya. Kaka ba za ta zauna kafaɗa da kafaɗa da ɗan farinta ba, don haka aka sa ni a tsakiya, gwiwata na karo da sandar giya. Motar nan da muka saba turawa sai ga ta tana cin hanya kamar an kore ta. Baba ya wuce bas, ya wuce tirela, yana danna ham yana ɗaga wa direbobin da ya sani hannu. Duk jikinta rawa yake, ƙofa na kaɗawa, madubi na karkarwa, shi kuwa sai murmushi. Ya dube ni ya ce, "Saude, ki tambayi tsohuwa ko ta ji iska." Na juya na tambaye ta. Ta ce in ce masa ta ji.

Mun wuce Gusau, dutsen Kwatarkwashi ya taso a gabanmu, sai muka ji wani abu ya daki ƙasan motar kamar an jefe ta da taɓarya. Ta yi girgiza, injin na ta gurnaninsa amma tayoyi sun daina ja. Muka gangara gefen titi. Farfela ce, dogon ƙarfen nan da ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa tayoyin baya. Tsohuwa ce tun ta asali, ba ta taɓa ɗaukar irin wannan ƙarfi ba, ta murɗe ta tsinke daga gindi.

Baba ya leƙa, ya yi tsaki, ya ce ƙaramin abu ne. Ya jawo buhunsa daga baya, ya shimfiɗa a kan tsakuwa ya shige.

"Yanzun nan," in ji shi daga ƙasa.

Kaka ta sauko ta zauna a kan ƙunshinta a gindin wata ƙaya. Rana ta ɗaga. Motocin Tsafe suna ta zuwa, su rage gudu, yaran mota su leƙo suna "Tsahe! Tsahe! Hajiya za ki?" Sai ka ga baƙin hannu ya fito daga ƙarƙashin akori-kura yana kaɗa musu su wuce. Ina tsaye ina kallo, hawayen haushi na zubo mini. Kaka ta gyara murya yadda take yi in za ta buɗe labari, har na ga bakinta ya motsa. Sai ta ɗaga kai ta dubi rana. Ba a tatsuniya da rana, ita ce ma ta koya mana haka. Ta kira ni da hannu ta ce, "Ki ce ma wancan..." amma ba ta ƙarasa ba.

Ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta taka har gaban ƙafafun nan biyu ta tsaya.

"Garba."

Sunan ya fito mata a karkace, kamar kalmar wani yare da ba ta iya ba. Ƙarar sifana ta ɗauke.

"Garba, hito. Kulu mutuwa za ta yi."

Ya fito da baya da baya, ya zauna dirshan a ƙasa ya ɗaga kai, ita kuma ba ta kau da fuska ba. Ban taɓa ganin Baba ƙarami haka ba. Ya tashi ya goge hannu a rigarsa, ya bar wa wani mai sayar da rake amanar motar, ya tsaya tsakiyar titi ya tare bas ta farko da ta zo. Aka cusa Kaka tsakanin buhun masara da wani rago. Daga Tsafe muka sake wata motar da ta fi ta farko cika. Babu abin da ya sami Kaka, babu kuma wanda ya nuna mu da yatsa.

Bayan La'asar muka shiga Bilbis. Iya Kulu na da rai. Idonta biyu, an jingine ta da filo, amma bakinta ya riga ya rufe. 'Yarta ta ce mana har cikin makon nan tana magana, duk motar da ta ji ta tsaya sai ta ce a duba ko Yaya ce, shekaranjiya ne harshen ya karye. Kaka ta zauna bakin gado ta kama hannunta.

"Kulu, ni ta. Na yahe miki duniya da lahira. Ke ma ki yahe min."

Ta jira. Duk ɗakin muka jira. Idon Iya Kulu ya tsaya a kanta, leɓenta ya ɗan motsa, babu abin da ya fito. 'Yarta ta yi saurin cewa ai ga shi nan ta amsa, da ido ta amsa. Kaka ta ce, "Awo," amma ba ta saki hannun ba, ta sake tambaya a hankali, ta sake jira. Baba na tsaye a waje jikin bango da rigarsa mai baƙin mai. Iya Kulu ba ta kai Juma'a ba.

Abin da zai ƙara ba ku haushi, motar nan ta yi lafiya. Aka jawo ta Gusau, kanikawa suka sa mata farfela mai kauri, suka gyara birki, ta yi shekaru tana tsere da sababbin motoci. Baba har alfahari ya riƙa yi da ita a tasha. Kaka ta mayar da wutarta gindin darbejiya, ta ci gaba da ba mu tatsuniyoyi masu farko da ƙarshe, ta kuma koma ga "wancan" ɗinta kamar ba a yi komai ba, har ta bar duniya. Labarin jaki ne ba ta sake taɓawa ba. Sani ya tambaye ta sau ɗaya yadda aka ƙare. Ta ce, "Jakin ya kai. Nonon na yab bushe." Ta aike shi ɗebo ruwa.

Na daɗe ina juya wannan tatsuniya. Ina yarinya na ɗauka darasinta shi ne kada a sa sabo a cikin tsoho, amma ga motar tana yawo a gabana tana ƙaryata ni. Da na girma na ce a'a, maganar jinkiri ce, na ɗora wa Baba laifin gaba ɗaya. Da na yi aure na haihu, sai haushin ya juya kan Kaka. Kalma ɗaya ta fito da shi daga ƙarƙashin motar, kalmar da take bakinta tun ranar da saƙon farko ya zo. Ta zauna tana saƙa wa jaki jijiyoyi dare bayan dare, tsohuwa mai hikima irin wannan, ta bar abin da ya fi sauƙi.

Bara Baba ya zo Gusau aikin ido, ya kwana biyu a gidana. Ya tsufa, fatauci ya koma hannun su Sani. Muna zaune da yamma ina ɓare masa lemo, hira ta kai mu kan akori-kura, yana ta yabon injin nan kamar jiya ya sa shi. Na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, don Allah, duk tatsuniyar nan da Kaka ta yi ta yi, ba ka taɓa gane da kai take ba?"

Ya yi 'yar dariya. "Tun daren farko. Tun da tac ce jaki tsoho."

Na ajiye wuƙar. "To me ya hana ka fitowa?"

Ya daɗe yana shafa bandejin idonsa. Ya ce wallahi kullum yana ganin gobe motar za ta tashi, wannan ba ƙarya ya yi ba. Sannan ya ce, a hankali, shi wurin gwaggonsa aka yaye shi a Tsafe, can ya girma, sai da ya isa aure ya dawo gida. Ƙannensa duk sun zauna gindin wutar nan, 'ya'yansa sun zauna, har 'ya'yan maƙwabta. Shi bai taɓa ba.

"Ga ni da hurhura, ina kwance ƙarƙashin mota, uwata na yi min tatsuniya, ni kaɗai, kullum da sabuwa," ya ce. "Ke da kin hito?"

Ina da amsar da na tanadar masa tun ina 'yar firamare, na wasa ta na sake wasawa, har da sunan Iya Kulu a ciki. Sai kawai na miƙa masa lemon, ya lalubo hannuna ya karɓa. Har yau ina jin haushinsu su biyun, haushi na gaske, sai dai yanzu in ya taso ban san wanda zan ɗora wa ba.